Kada Ka Jira Suna Daga Dabai

Zuru,
bayan girbin dawa.

Zuwa ga ɗana Ishaya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka Rifkatu. Allah ya sa takardar nan ta riske ku a Ikko kafin jirginku ya tashi, ya kai ku Ingila lafiya, ya kuma sauke Rifkatu lafiya in lokacinta ya yi. Mu nan ƙalau muke. Labarin gida ba zan ba ka ba, don uwarka ta riga ta cika maka kunne da shi ranar da muka raka ku tasha, har da na akuyar da ta ƙi cin dusa.

Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami. Rifkatu tana da ciki, karatun da gwamnati ta tura ka kuma na shekaru ne, ke nan a ƙasar mutane za a haifi yaron. Ina so ya zama naka a takarda kamar yadda yake naka a jini, ranar da za ku dawo kuma ya shigo ƙasar nan ba wanda zai tsare shi a ƙofa ya ce ɗan wa ne. Ban faɗa maka a tasha ba saboda baffanka Gomo yana tsaye kusa, abin da zan ce kuwa ba zai yi masa daɗi ba.

Ka san al'adar gidanmu na Dabai. Uba ba ya raɗa wa ɗansa suna muddin kakan yaron yana da rai. Kaka ne ke duba waɗanda suka riga mu, ya zaɓo ɗaya ya ɗora wa jariri. Kafin nan, baƙo ake kiransa. Haka aka yi wa ubana, haka aka yi mini. Kai ne ma ka kuɓuta, don an haife ka bayan tsohon ya rasu. Al'ada ce mai kyau ga mutanen da gidajensu ke kallon juna a kan dutse ɗaya, inda za a aiki mutum da safe ya dawo da suna kafin a sauke tuwo. Ni na ɗauke ta na kai ta inda ba a san ta ba.

Ka san kana da wa a Gana, Kofi. Labarinsa gutsi-gutsi ka ji shi, rabi daga bakin uwarka wadda ban ma aure ta ba a lokacin, rabi daga bakin baffanka wanda bai taɓa wuce Kwantagora ba. Yau ka ji daga wanda yake wurin.

Da aka sallame mu daga soja bayan yaƙin Bama, ban iya zaman gida ba. Wanda ya hau jirgin ruwa ya ga teku, sai fartanya ta yi masa nauyi na ɗan lokaci. Na bi wasu 'yan'uwanmu zuwa ƙasar Asante, na sami aikin gadi a wani wurin haƙar zinariya. A zamanin ba mai tambayarka fasfo. Bature ɗaya ke mulki nan da can, sulen da ka kashe a Zuru shi za ka kashe a Kumasi, abin da kake bukata kawai ka bi ayarin fataken goro. A bakin ƙofar wurin aikinmu akwai wata mai sayar da dokunu, wato tuwon masarar can, da kifi, sunanta Abena. Na ci dokunu har na gaji da biya, sai na aure ta. Abin da danginta suka ce in kawo, na kawo, ban rage ko allura ba. Ta haifi namiji ran wata Juma'a.

Washegari na sami wani bafatake da zai bi ta Yawuri, na ba shi saƙo zuwa Dabai: a gaya wa tsoho an yi masa jika, ya aiko da suna. Na koma bakin aiki hankalina kwance.

Abena tana da wa, Kwame, shi ne babba a gidansu. Ya iya Hausar zango. Ya same ni a bakin ƙofa ina riƙe da kulki, ya ce, "Kofur, jibi za a fito da yaro gaban jama'a. Wane suna ka shirya?"

Na ce, "Suna yana hanya."

"Daga ina?"

"Daga wurin ubana, a ƙasarmu."

Ya dube ni daga hula har takalmi, ya ce, "Ubanka ne ya yi cikin?"

Na ji zafin maganar ƙwarai, na juya masa baya. Da yamma Abena ta yi mini magana a ɗaki, a hankali, jariri a cinyarta. Ta ce, "Ka ba shi ko wane suna ne, ko naka ma. In na babanka ya iso sai a ƙara masa." Na ce mata mace ba ta da baki a zancen suna. Ta buɗe baki za ta ƙara, na ɗaga mata hannu irin na fareti, ta yi shiru.

Abin da take so ta gaya mini shi ne, a wurinsu uba ne ke raɗa suna da bakinsa, rana ta takwas, gaban dangi. Uban da ya zo wurin ya ƙi faɗin suna, ya gaya wa gari ke nan cewa yaron ba nasa ba ne. Ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Ranar na sa kakina na soja da aka goge, na maƙala lambobina, na zauna a kujerar da suka ba ni. Dattijonsu ya ɗauki yaron ya juyo wurina. Na miƙe tsaye na ce suna yana hanya. Mata suka juya suna kallon Abena, ita kuma tana kallon ƙasa. Ni a raina girmama ubana nake yi, har ina jin na nuna musu mu ma muna da asali.

To, ga nasiha ta farko. In ka sauka ƙasar mutane, kada ka tsaya ga tambayar abin da ake yi. Ka tambayi abin da rashin yinsa yake nufi a wurinsu. Kuma in Rifkatu ta ce tana da magana, ka bar ta ta kai ƙarshe. Ita za ta kwanta a asibitinsu, ita za ta zauna da matansu, za ta ji abin da ba za ka ji a ajin karatu ba. Ina ganinka wani lokaci kana katse ta, kuma na san inda ka koyo.

Bayan wannan, malamin asibitin wurin aikinmu ya aiko mini, ya sake aikowa, in zo a rubuta haihuwar a ofishin gari. Na ce yaya za a rubuta mutumin da ba shi da suna? A jira. Kwame bai jira ba. Ya je ya rubuta shi Kofi, wato ɗan Juma'a, kamar yadda mu ke cewa Ɗanjuma, ya ɗora masa sunan gidansu. Wurin da aka ce uba, aka ja layi. Da labari ya zo mini dariya na yi, na ce takarda ba ta haihuwa, kowa ya dubi goshin yaron nan ya san na wane ne. Suna ya iso daga Dabai bayan damina ta wuce. Dudu, sunan kakana. Na riƙa kiransa da shi a cikin gida, yana amsawa. A waje kuwa Kofi ne, ban damu ba, ban kuma taka zuwa ofishin nan in ce a gyara ba, alhali yana kan hanyata ta zuwa kasuwa.

Yaron yana gudu yana surutu sa'ad da baffanka ya aiko cewa tsoho ba lafiya, in zo. Abena ta ce ba za ta bi ni ba. Ban ga laifinta ba. Tun ranar sunan nan auren ya yi sanyi, tana dafa mini abinci, tana wanke mini kaki, iyakarta ke nan. Na ce to, zan tafi da ɗana. Kwame ya ce ba inda za shi. A wurinsu ɗa na dangin uwa ne, kawunsa yake gada, uban da ya raɗa suna ma sai ya roƙa, balle wanda ya ƙi.

Muka je gaban hukuma. Na tafi da shaidu uku, sarkin zango da abokan aikina biyu, duk mutanen kirki. Nan na gamu da wata ɓarnar da ban san na tara ba. Ranar da na shiga soja, sajan ya tambayi sunana na ce Bawa, ya tambayi garinmu na ce Zuru, ya rubuta Bawa Zuru. Haka suka yi wa kowa, a kamfaninmu kaɗai Bawa Zuru ya fi a ƙirga da hannu ɗaya. A wurin aikin gadi Kofur Zuru aka rubuta. Da aka yi mini baftisma aka ce Bitrus. Jami'in ya tambayi shaiduna ɗaya bayan ɗaya sunan mutumin da suka zo yi wa shaida, kowa ya faɗi nasa daban. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce ta bakin tafinta, "Littafi bai san ka ba. Dangin yaron sun ce ka ƙi shi gaban jama'a, kai ma ba ka musa ba. Shaidunka kuma mutum uku suka zo yi wa shaida." Ya rufe littafin ya kira na gaba.

Ranar da na tashi, yaron yana barcin rana, ban tashe shi ba. Wannan ma kuskure ne, sai dai ba ni da nasihar da zan ciro maka daga ciki.

Ga ta biyu. Sunanka ɗaya ne, wanda ke cikin fasfonka, Ishaya Bawa. Duk inda aka miƙo maka takarda a can, shi za ka sa, ko da baturen ya ce ya yi masa wuyar faɗi. Kada ka yarda a gajarta maka shi, kada ka ƙara Dabai yau gobe ka cire. Rifkatu ma haka. Takardar aurenku ta coci kuma kada ta yi nisa da fasfo. Uwarka ta ce ta naɗe ta cikin atamfa ta sa a ƙasan akwatin Rifkatu. Ku fito da ita daga can kafin ku manta, ku haɗa su wuri ɗaya.

Kwame ya riƙe yaron da kyau, gaskiya ɗaya ce. Ya ciyar da shi, ya sa shi makaranta, ya kai shi koyon gyaran mota. Ba na zaginsa, kai ma kada ka zage shi. Shekarun baya da Gana ta kori baƙi, ka tuna yadda manyan motoci suka riƙa sauke mutanenmu a tashar Zuru da tabarmi da tukwane. Kana makarantar kwana lokacin. Ni na riƙa zuwa tasha ina duba fuskokin samari, ina cewa ai ɗan Nijeriya ne, dole su koro mini shi. Wani da ya san mu can ya gan ni, ya ce, "Kofur, koma gida. Ɗanka ba baƙo ba ne a wurinsu, takardarsa ta ce ɗan ƙasa ne." Takardar da ta hana ni shi, ita ta hana a jefa shi a mota. Na koma gida na ci gaba da sussukar dawa.

Sauran ka sani, tunda kai ka karanta mini wasiƙarsa bara. Zama ya yi wuya a can, yana so ya zo nan ya yi aiki a matsayin ɗan gida, ya ga gonar ubansa. Ya je ofishin jakadancinmu, suka ce ya kawo shaidar cewa ubansa ɗan Nijeriya ne. Daidai suka tambaya, ni ma da ni ne a kujerar abin da zan tambaya ke nan. Ka ga yadda ya buɗe wasiƙar, "Mista Bawa." Ka yi sauri ka wuce wurin, amma na ji. Na je kotu na yi rantsuwa, hakimi ya sa hannu, na aika. Rantsuwar tsoho bayan shekara kusan talatin ba ta cike layin da aka ja tun farko, har yanzu maganar tana nan inda take.

Yanzu ga abin da za ka yi. Na je wurin Emeka mai kanti, na bakin kasuwa, don ƙanensa ya yi karatu a Ingila ya haifi 'ya'ya a can. Na ce ya gaya mini yadda abin yake. Ya ajiye mudun gishiri ya ce, "Baba Soja, wannan abu ba wasa. Can suna ba ka sati kaɗan kawai. Ka je ofis na gari, ka rubuta yaro. Takarda iri biyu ne, ƙarami da babba. Ka ce a ba ka babba, wanda yake da sunan uba da uwa. Ƙarami, sunan yaro kawai, ba ya taimaka." Ya ce daga nan sai ka ɗauki babbar, da fasfonku, da takardar aure, ka tafi ofishin jakadancinmu a Landan, su rubuta shi ɗan Nijeriya, su shigar da shi fasfon uwarsa. Ya ce su ma Turawan suna lissafa duk wanda aka haifa a ƙasarsu a matsayin nasu, in ya girma ne zai zaɓa. Wannan bai dame ni ba, in dai tamu takardar tana hannu. Amma kada ka dogara da ni ko da Emeka. Doka tana sauyawa, mu da muka kwana muna tuƙi a hagu muka tashi a dama. Kana sauka ka je da ƙafarka ka tambaya, tun cikin bai tsufa ba.

Emeka ya ƙara mini wata. Ya ce ɗalibanmu da yawa, in karatu ya yi zafi, sukan kai jariri riƙo gidan Turawa a ƙauye, suna ziyara jefi-jefi. Wasu sun karɓo nasu lafiya. Wasu kuwa da suka tashi dawowa sai yaro ya ƙi su, mai riƙo ta ƙi saki, magana ta kai gaban alƙali. Mu nan riƙo ba komai ba ne, kai kanka ka yi shekara biyu a gidan gwaggonka a Dirin Daji, ba wanda ya rubuta komai. Can ba Dirin Daji ba ne. In kuna da hali ku riƙe abinku a ɗakinku, ko da ɗaki ɗaya ne.

Saura babbar magana. Na san halinka, Ishaya. Tun kana ƙarami ba ka sa hannu a akushi sai na sa. Ranar da aka haifi yaron nan za ka zauna ka rubuto mini, ka ce baƙo ya iso, Baba a aiko da suna. Za ka lissafa ka ce jirgin sama ne ke ɗaukar wasiƙa yanzu, za ta je ta dawo kafin lokaci ya ƙure. Ni ma lissafi na yi. Haihuwar za ta faɗo cikin damina, ka kuwa san abin da ruwa ke yi wa hanyar Kwantagora, motar gidan waya takan kwana a bakin rafi har a manta da ita. Na yi tunanin in rubuta maka sunan yanzu in huta. Uwarka ta dafe ƙirji ta ce, "Rufa mana asiri! A kira sunan wanda bai iso ba?" Ni ma hannuna bai yarda ba, Kirista ne ni amma a Dabai aka yanke mini cibiya.

Ran kasuwa na hau zuwa gidanmu na Dabai na sami baffanka a gindin rumbu, na gaya masa abin da na yanke. Ya ce, "Bawa, abin da ubanmu ya bar mana za ka zubar saboda takardar bature?"

Na ce, "Yaya, na riƙe shi sau ɗaya da hannu biyu. Ka ga Dudu a gonar nan?"

Ya ce, "To in yaron ya zo da sunan da ba na gidan nan ba fa?"

Na ce, "Ya zo ɗin tukuna."

Bai yarda ba, bai kuma raka ni ƙofa ba. Zai huce ko ba zai huce ba, wannan tsakanina da shi ne, kada ka sa kanka.

Don haka ga umarnina, kuma umarni ne, ba shawara ba. Na sauke haƙƙina na kaka, na ba ka. Kai da Rifkatu ku zaɓi suna, ka faɗe shi da bakinka a gaban wanda ke rubutawa, ka tsaya a kansa har ka ga ya sa naka a wurin uba. Ba zan ɓoye maka ba, abin ya yi mini ciwo. Tun ranar da uwarka ta raɗa mini cewa Rifkatu ta daina cin kifi, na riga na zaɓa, na namiji da na mace, ina juya su a baki in ina gona. Za su zauna a wurina.

Kada ka rubuto mini ranar haihuwa don neman komai. Sai an rubuta shi a ofishinsu, an rubuta shi a namu, an shigar da shi fasfo, sannan ka aiko. Ka sa sunan da manyan baƙaƙe, don idona ya fara ja da baya. Zan zauna a ƙofar gida in koye shi kamar kowa.

Uwarka tana gaishe ku, ta ce Rifkatu ta riƙa rufe ƙirjinta saboda sanyi. Ubangiji ya kiyaye tashinku da saukarku, ya tsare ku daga ciwo da sharrin baƙunta, ya raba Rifkatu da cikin nan lafiya, ya dawo mana da ku ku uku.

Ni ne ubanka,
Bawa.